Wasiƙa daga Maraɗi: injin jirgi ya mutu, a sa wani ko a saida jirgin?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Don Allah ka ban ɗan hili a shahin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na san wasu za su yi dariya in sunka ga daga Maraɗi ta hito, wato maganar jirgin ruwa mai inji. Za a ce mi ya haɗa Bamaraɗe da jirgi, mu da gulbinmu mafi yawan shekara rairayi ne yara na buga ƙwallo ciki, balle tun da anka yi dam ɗin Jibiya ya riƙe ruwan, abin da muke taƙama da shi sai tabkin Madarunfa shi ma galibin masuntan da gora da hilahili suke aikinsu. To amma duk wanda ya san Alhazan garin ga ya san inda duk kuɗi ke motsi sai ka iske hannunsu wurin ko da tsakiyar ruwa ne.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba muna takunkumi anka toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a iyakar Nijar da Benin, mutane da kaya sunka koma ƙetare kogin Kwara cikin jirage, buhun masara ne, doya ce, gari ne, babura ne, har fasinjan da bas ta sauke wancan ƙetare sai ya hau jirgi ya zo ya kama wata bas ɗin wanga ƙetare. CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe munka samu sauƙi ta Ɗan Isa da Jibiya, amma ta Benin ba ta bi sahu ba, sai harkar jirgi ta ci gaba da ci. Ƴan kasuwarmu da kayansu ya saba biyowa ta Kwatano sun ga abin da idonsu, wasu sunka ce to mi zai hana, sunka sayi tsohon jirgi da tsohon injinshi, sunka damƙa ma wani yaro can shi ke tuƙi yana turo musu kasonsu ta Nita ko Amana duk mako. Yanzu injinan nan sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ni makanike ne, injin ban ruwa da gurup nike gyara a nan garin, amma kahin nan na yi shekaru wajen Bosso ina gyaran injin jirgi har zuwa 2015 da hukuma ta ce kowa ya hita daga tsibiran tabkin Cadi bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga, anka hana kamun kihi da cinikinshi, aiki ya tsaya munka dawo gida. Shi ya sa masu jiragen nan ke biyo ni garaji ko su kira ni, kuma tambayar duk iri ɗaya ce, "Malam inji ya mutu, nawa ne sabo?" To na gaji da maimaita amsa ɗaya, gara in rubuta a jarida kowa ya karanta. Abin da nike ce musu shi ne Alhaji bar maganar kuɗin inji tukuna, gaya min wa ke riƙe da hannun injin nan kullum, sa'annan gaya min yaushe rabonka da ka shiga cikin jirgin ka taka katakonshi da ƙafarka. In kai kana Maraɗi jirgi na Gaya, tsakaninku sama da kilomita 600, sai dai waya, to shawarata ka saida. In kuwa mai jirgi shi ne mai tuƙi ko ɗanshi na cikinshi, kuma katako na da sauran rai, a sa inji a ci gaba da neman abinci.

Bari in yi bayanin dalili don kar a ce son raina ne. Injin da ya cika kogi da tabki a ƙasashen nan shi ne Yamaha Enduro, akwai mai doki 15, akwai 25, amma 40 shi ne na ƴan lodi, manya kuma su sa 75. Irin injin nan ne mai bugu biyu, ba shi da wurin zuba mai daban kamar na mota, man da ke shafe fiston da karanshaf cikin esansi ake gauraya shi, kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi, wato jarka mai lita 25 rabin lita take so, kuma man da anka yi don injin ruwa ba kowane ba. To ka ɗauki yaron da anka ce kullum sai ya kawo kaza, ga kasuwa yau ta yi gobe ba ta yi ba, ina kake zaton zai fara ragewa? Ai man nan ne. Rabin lita ta koma kwata, wani ma baƙin man da anka juye daga mota zai tace da tsumma ya zuba, inji zai tashi ras ya yi aiki yau ya yi gobe, ba wanda zai ga komi, a ciki kuwa segiman, wato zoben da ke jikin fiston, na cinyewa silinda na karcewa, ran nan ana tsakiyar ruwa ya kama ya tsaya cak.

Na biyu ruwan sanyaya inji. A ƙasa kusa da farfela akwai ƴan ramuka da ke shan ruwan kogi, wata ƴar roba mai fuka-fukai da muke ce ma impela ita ke tura shi sama ya zagaye silinda, ya hito ta baya yana tsartuwa siriri. Wanga ɗan ruwan shi ne abin da direba ya kamata ya riƙa waiwaye yana dubawa ko da yaushe, don in leda ta liƙe ramukan, ko kainuwa, ko yashi ya cinye robar, ruwan ya ɗauke, cikin ƴan mintoci inji ya ƙone. Kuma kogin Kwara wajen Gaya ba ya raga ma impela, watan Agusta da Satumba jan ruwan damina ne mai laka da yashi, wajen Mayu da Yuni kuma ruwa ya janye ana bi ta kan tudun rairayi ana kartar ƙasa, farfela na dukan dutse. Wasu yaran ma tada inji suke a tudu don su ji ƙararshi, ba su san ƙasa da minti ɗaya ya isa robar ta ƙone ba in babu ruwa. Robar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma rashin canza ta ya kashe injin miliyoyi ba adadi. Sai man giya na ƙasa, in ka kwance ƙusar ka ga ya hito fari-fari kamar an dama shi to ruwa na shiga, zaren kamun kihi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, in ba a yi maza ba haƙoran giya za su tahi. Ga kuma esansin bakin hanya na cikin kwalba mai ruwa da datti.

Ka duba duk abin da na lissafa Malam Edita, babu tsufa ciki ko ɗaya. Enduro in ana ba shi haƙƙinshi yana shekaru yana aiki ana canza mishi fiston yana komawa ruwa. Hannu ke kashe shi, kuma ba wai ina zagin yaran ba ne, wallahi da yawansu mutanen kirki ne, abin dai ba nasu ba ne kuma an matsa musu da kason kullum. To in ka sayo sabo dal cikin kwali ka miƙa ma hannun nan, da tsarin nan na kawo kaza kullum, kai kana zaune shagonka a babbar kasuwa, irin mutuwar da na farko ya yi ita na biyu zai yi, sai dai kuɗin da ka binne wanga karon sun hi yawa.

Wani lokacin ma injin bai mutu ba, direba ne ko makaniken can ke son a ce ya mutu. Karburato da ya toshe, buji, bobin, impela, farfela da ta lanƙwashe, duk waɗannan ciwon kai ne kawai. Ko fiston ya kama ana gyara silinda a sa fiston mai ɗan girma da sabon segiman ya tashi. Inda magana ke ƙarewa shi ne in bulok ya tsage, ko sandar fiston ta ɓalle ta huda shi, ko karanshaf da bulok sun tahi tare. Ni dai ma'aunina in kuɗin gyara sunka kai rabin kuɗin okaziyo mai kyau, wato injin da wani ya riga ya yi aiki da shi, ba na ba mutum shawarar gyara. Kuma kar ka yarda da "ya mutu" ta waya, ka ce a buɗe kan a ɗauko maka hoto da bidiyo ta WhatsApp, ko a ɗoro shi a mota a kawo, kilo 70 da ɗan wani abu ne, mutum biyu na ɗaga shi.

Yanzu katako, wanda shi ne ya hi damuna kuma shi ne ba mai tambaya. Jirgin da anka saida ma Bamaraɗe a 2023 mafi yawa dama can ya tsufa, don mai jirgi ba ya saida na kirki lokacin da kasuwa ke ci. An shafe shi da fenti an rubuta mishi suna da ayar tsari, Alhaji ya ga hoto ya ce madalla. A jawo shi tudu a kife shi, ka ɗauki turnabis ko tsinin wuƙa ka bi alluna kana sokawa, inda ya shige ba gardama to ya ruɓe. Ka duba inda alluna sunka haɗu, ka duba ƙusoshi, in ka ga baƙin zobe kewaye da kan ƙusa tsatsa ta cinye ta a ciki kuma itacen wurin ya saki. Ka duba itatuwan da ke riƙe alluna ta ciki. Uwa uba allon baya inda ake maƙala inji, nan ne duk ƙarhin turi da girgiza ke sauka, ka kama ƙafar inji ka jijjiga, in allon na motsi ko yana ƙara to akwai magana. Sa'annan ka tambayi yaron da ke kwarhe ruwa sau nawa yake kwarhewa kahin a ƙetare, shi ba ya ƙarya don shi ke shan wahalar. Allo ɗaya ko biyu ana canzawa, a cusa auduga ko tsumma a bi da kwalta, wannan aikin kowace shekara ne. Amma in ƙasan jirgin ne gaba ɗaya ya yi laushi, ɗora mishi sabon inji kamar ka zuba dal ɗin siminti bisa katangar laka da ruwa ya riga ya ci gindinta ne, mu nan Maraɗi bayan ruwan ƙarshen Agusta 2024 ba sai an yi muna bayani ba.

Kuma abin takaici tsohon inji mai tari shi ke ɓoye aibin jirgi, don ba ya da ƙarhin da zai wahalshe shi. Ranar da anka sa sabo, direba ya ji ƙarhi ya ƙara lodi ya ƙara gudu, ran nan ne alluna ke fara buɗewa. Wasu ma cewa suke tunda za a saya a sayi 75 maimakon 40 a riƙa ɗaukar kaya ninki biyu, ba su tuna jirgin don 40 anka ƙera shi, nauyin inji kaɗai zai danne baya ruwa ya riƙa leƙowa. Mun ji abin da ya faru a Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski jihar Kabi a watan Mayu 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya rabe tsakiyar kogi kaɗan sunka tsira, hukumomin can sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi mishi lodin da ya hi ƙarhinshi. A namu gehen ma a Fabrairu 2019 jirgin ƴan cin kasuwa da ya taso daga ƙetaren Benin ya kihe wajen Sambera cikin jahar Doso mutum sama da 40 sunka ɓace. Allah ya jiƙansu. Mai jirgin da ke zaune nesa ya sani in irin haka ta faru ba hasarar kuɗi kaɗai ke kanshi ba, rayuka ne za a tambaye shi.

To wanda katakonshi ke da kyau kuma shi ke tuƙi, wane inji zai sa? Okaziyo da ake kawowa daga Kwatano da Lome da Legas a yi hattara, da yawansu cikin teku sunka yi aiki, gishiri ya cinye hanyoyin ruwa ta ciki, ƙusoshi sun kahe in ka zo kwancewa su karye, an dai wanke an fesa fenti an liƙa sabon tambari. Kar ka saya don ya tashi bugu ɗaya cikin tano, wato duron ruwan da ake gwada inji ciki, kowane inji na tashi cikin tano. A gwada matsin silinda biyun da agogo, su kasance kusa da juna, a duba man giya, sa'annan a maƙala shi a jirgi da lodi a yi awa guda ana tahiya, in mai shi ya ƙi yarda da haka ka kama gabanka. A kuma auna tsawon allon baya kahin a saya, akwai inji mai gajeruwar ƙafa na inci 15 akwai mai doguwa na inci 20, in ka sa gajere inda ake son dogo farfela iska za ta riƙa sha impela ta rasa ruwa. Ƴan Cana sun hi araha nesa ba kusa ba kuma wasunsu an kwaikwayi Enduro ne har kayan gyara na shiga juna, an ce araha ba ta ado, amma ni tsakani da Allah sabon ɗan Cana da na san ni na fara tada shi ya hi min okaziyon da ban san inda ya kwana ba. Mai bugu huɗu ya hi tsimin esansi sosai, sai dai ya hi nauyi, yana son bidanji, wato juye mai, kan lokaci, ba ya jure esansi mai datti, kuma ba kowane makaniken bakin kogi ke iya taɓa shi ba. Wanda Allah ya hore ma sabo kuma ya daure ya yi mishi rodaji, awa 10 na farko a ninka mai, kashi 1 cikin 25, kar a matse shi, ba wai a kwanto daga kwali da sahe a cika jirgi da siminti da hantsi ba.

Sai lissahin kuɗi, wanda na yi mamaki ƴan kasuwa da ke ƙirga dala-dala a shago in an zo nan sai su rufe ido. Inji 40 in an matse shi yana shan lita 15 zuwa 20 a awa. In anka yi lissahi da sefa 499 da anka maida kuɗin litar esansi a watan Yuli 2024, awa guda ta kusa jika 10 ke nan ban da mai, kuma mun ga yadda anka yi da ƙarancin esansi a Maris 2025, wanda bai samu a gidan mai ba sai ya saya da tsada ko ya ɗaure jirgi. Mu ɗauka don misali inji ya ci maka miliyan 3, direba na turo maka jika 10 kullum ba fashi, kwana 300 ke nan kahin ka maida kuɗin injin kaɗai, to ka cire ranakun da ba kasuwa, ranakun iska, ranakun da hukuma ta hana ƙetarewa, ka cire gyara da kwalta da na masu bakin ruwa, ka ga ya haura shekara da nisa. Kuma duk harkar nan a kan rufaffiyar gada take tsaye. Ranar da anka ɗauke abin da anka gitta a gadar manyan motoci sunka koma ratsawa, wa zai sauke kaya daga tirela ya loda a jirgi ya sake lodawa a wata tirela? Sarkawa da Dandawa da sunka gaji ruwa za su koma abin da suke yi tun kaka da kakanni, kamun kihi da kai mutane kasuwannin bakin kogi, jirginsu ba zai rasa aiki ba. Kai baƙo da ka shigo don riba ta lokaci, ran nan kowa zai hito da nashi jirgin saidawa a rana ɗaya, ka san yadda farashi ke yi in masu saidawa sunka hi masu saye yawa. Ba kuma za ka ɗoro shi a mota ka kawo Madarunfa ba, ba abin da zai yi can.

In za a saida kuma, a raba, jirgi daban gawar inji daban. Makanikai na sayen mataccen inji don kayan cikinshi, ƙafar giya kaɗai in lahiyarta lau kuɗi ce mai kyau, ga karburato ga bobin ga murhi ga tanki, sau da yawa abin da za ka samu a rarrabe ya hi abin da dillali zai ba ka a dunƙule yana cewa ai duka bola ne. Abin da ban yarda da shi ba, kuma na ƙi yin shi ga duk wanda ya nema, shi ne a lallaɓa inji a sa mishi tsohon fiston da mai mai kauri don ya tashi ranar ciniki, a cushe ruɓaɓɓen allo da kwalta a bi da fenti a saida ma wani bawan Allah. Malamanmu kullum suna karanta muna hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi ta ƙasa, ya ce ma mai shi mi ya hana ka sa shi sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Wancan abinci ne, wanga kuwa mata da yara za su hau. In jirgi ya gama a faɗa ma mai saye ya gama, a saida shi da kuɗin katako.

Hanyar da na ga ta hi yi ma kowa daɗi, in jirgin na da sauran rai, ita ce a saida ma direban kanshi. Ya san jirgin ciki da bai ba abin da za a ɓoye mishi, a yanke kuɗi a gaban Sarkin ruwa da shaidu a rubuta takarda, ya ba da abin da ya sawwaƙa sauran ya riƙa biya wata-wata, inji kuma ya nemo da kanshi ko Alhaji ya ranta mishi a haɗa cikin bashin. Yaron da jiya yake rage mai, ran da inji ya zama nashi za ka gan shi da kwalbar awo yana auna rabin lita har da ɗan ƙari, yana waiwayen ruwan baya kamar mai jiran baƙo, in leda ta kama zai kashe inji nan take ya ɗaga ƙafa ya cire. Alhaji kuma kuɗinshi sun dawo sannu-sannu ya maida su inda idonshi ke kai, ko da injin ban ruwa ne a Jiratawa.

Roƙona ga hukumomin da ke bakin kogi, kamar yadda ake duba mota a riƙa jawo jiragen haya tudu ana duba katakonsu ko da sau ɗaya a shekara kahin ruwa ya cika, a rubuta ma kowane jirgi iyakar mutanen da zai ɗauka a jikinshi da fenti inda kowa zai gani, a kuma tilasta rigar ruwa. Kai kuma Malam Edita in da hali ka tura wakilinka na Doso ya je Gaya ya zauna da Sarkawa da makanikan bakin ruwa ya jiyo nasu bayanin, in akwai wanda ya ga ba daidai ba cikin abin da na faɗa ya rubuto ta wanga shahin mu karanta. Na gode, a gaida mutanen ofis.

Mai karatunku kullum,
wani makanike daga unguwar Bagalam, Maraɗi.